Mai Zuƙa a Ƙarshen Tiyo

Gab da magariba Mai Tarwada ta leƙa tankin kifinta na bayan gida, ta tarar duk sun taso sama suna hamma. Ruwan ya lalace, yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. In ba ta canza shi yanzu ba, gobe sai dai ta kwashe gawarwaki, kuma da kifin nan take ci da kanta da tsohuwarta.

Ta jawo tiyo. Aikin ba baƙo ba ne: ka tsoma baki ɗaya cikin tanki, ka zuƙi ɗayan har ruwa ya cika shi, sannan ka sauke shi ƙasa da tankin. Nauyin ruwan da ke gangarowa shi ke jawo na baya ya haye bango. Da iska ta shiga, magana ta ƙare. Yau kwata ta toshe, sai ta zura ɗaya bakin a wani tsohon rami a gindin katanga.

Ruwa ya fara tafiya. Ya ƙara gudu. Tiyon ya shiga kumbura yana lotsawa kamar maƙogwaron mai shan ruwa.

Muƙut. Muƙut.

Ƙaramin kifi ɗaya ya shige, ya ɓace. Na biyu ya bi shi.

Tsoro ya kama ta, wallahi ya kama ta. Ta fizge bakin tiyon daga tanki don iska ta shiga. Bai tsaya ba. Ya ci gaba da zuƙar iska, sannan wata murya ta biyo ta ciki, can ƙasa-ƙasa.

"Mayar da shi cikin tanki."

Daga ƙofar ɗaki tsohuwar ta yi raɗa: "Ke 'yar nan, ba shi mu tsira."

"Inna, shi ya ciyar da su wata huɗu?"

Ta toshe bakin da babban yatsanta. Abin ya cafke yatsan. Sanyi ya hau hannunta har kafaɗa, numfashinta ya fara tsiyayewa ta nan.

Ta laluba, ta ji wuƙar gyaran kifi.

"Ko ɗaya ba za ka ƙara ba," ta ce, ta datse tiyon.

Guntun ya sulale cikin ramin. Shiru.

Da bokiti ta ƙarasa canjin ruwan, kifinta suka rayu. Yatsan dai har yau ba ya jin zafi, ba ya jin sanyi. Tsohuwar ta roƙe ta su tashi daga gidan. Ina! Ta sa aka cike ramin da kankare, ta gina tanki na biyu daram a kansa.

Da magariba ruwan cikinsa yakan girgiza shi kaɗai. Takan tsaya a kai ta watsa wa kifinta abinci, ta ce, "Kalla dai, ba za ka ci ba."