Bakin Bututun da Aka Toshe

Ranar da abin ya fara, hadari ya haɗo tun la'asar amma ya ƙi zuba. Dattijon da unguwa ke kira Baba Oba-oba yana saman tsani a bayan gidansa, baƙin salatif a aljihu, filaya a baki. Tun da ya ajiye aiki ba shi da abin so kamar rediyonsa na magana da mutanen nesa, wanda yawan cewa "oba" a cikinsa ya jawo masa sunan. Matarsa kan ce da rediyon nan ya iya girki, da tuni an sallame ta.

Eriyar rediyon tana kan wani dogon bututun ƙarfe da ya tarar a kafe tun da ya sayi gidan. Ta cikinsa kebul ya sauko, ya shiga ɗakinsa ta taga. Bara ruwa ya shiga mahaɗar kebul ɗin, tsatsa ta ci ta, muryoyin abokansa suka koma shuuu kawai. Bana ya ce ba za a sake ba. Ya goge mahaɗar tas, ya naɗe ta da roba mai kama jikinta, daga ƙasa zuwa sama, kowane zagaye na hawa rabin na baya, ya bi da salatif. Sai ya dubi bakin bututun a buɗe, ya cika shi da gam. Ya sauko ya toshe ramin ƙasan ma, har ba inda iska za ta bi.

Yana wanke hannu aka kira magariba. Tsuntsayen da ke hayaniya a bishiyar maƙwabta suka yi tsit gaba ɗaya.

Suna kan tabarma za su ci abinci dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Ya ce yara ne. Ya leƙa waje, layi babu kowa. Na biyun a tsakar gida ya sauka, gaban Auta, 'yarsa tela, wadda ita kaɗai ta rage a gabansu. Da ya ɗauka sai ya ji shi da ɗumi.

Haka aka riƙa yi kullum rana ta faɗi. Shiru ya fara sauka, sannan duwatsu. Wata magariba ya kunna rediyo don ya ɗebe kewa. Murya ta fito garau, babu ko shuuu, aikinsa ya yi kyau. Amma a bayan maganar abokinsa akwai wani sauti siriri, kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe daga ciki. Ya kashe. Sautin bai tsaya ba.

"Baban yara," in ji matarsa daga bakin ƙofa, "zo ka ga Auta."

Auta na tsaye a gindin bututun, tana kankare gam da farcenta, jini na bin yatsunta. Ya kira sunanta. Ta juyo ta dube shi da idon wanda bai taɓa ganinsa ba. Sai da maƙwabta suka kama aka iya shigar da ita ɗaki.

Malamin da aka ɗauko tsoho ne mai sanyin magana. Ya zauna kusa da kanta ya fara karatu, bai ɗaga murya ba. Aka daɗe. Can jikinta ya sandare, wata murya ta fito daga bakinta, ta mace, dusasshiya kamar an kwana ana kuka.

"Daina. Kana ƙona ni."

"Ke wace ce, me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ita ba ce. Shi ne." Hannun Auta ya ɗaga ya nuna uban. "Na fita nema, na dawo na tarar ya liƙe ƙofata, da bisimilla a bakinsa. Na kasa buɗewa. 'Ya'yana biyu suna ciki."

Baba Oba-oba ya matso. "Wallahi ban sani ba," ya ce. "Ruwa nake tarewa."

"Ya riƙe nawa, na riƙe tasa."

"Bai sani ba, kin ji ya rantse," in ji malam. "Ke kuwa da saninki kike zalunci. Za a buɗe, ki fita."

"A zubar min da jini a gindin ƙarfen."

"Ko na ƙuda ba za a zubar ba. Buɗewa kawai, ki kwashe naki ki bar gidan nan."

Sannan muryar ta yi ƙasa.

"To ya yi sauri. Ɗaya ne kawai ke motsi."

Baba Oba-oba bai san yadda ya hau tsanin ba. Ya sa wuƙa ya yanke gam ɗin, ya ɓamɓaro shi. Ta cikinsa duk ya sha yaguwa, sawun ƙananan farce birjik. Wani huci mai zafi ya shafi fuskarsa ya wuce.

A ɗaki Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta buɗe ido, ta ce, "Umma, me ya sami hannuna?"

Uban bai shiga ba tukuna. Yana riƙe da tsani ya ji kuka ya tashi a bayan katanga, kukan uwa, a hankali, yana nisa ta wajen fili. Ya tsaya har ya daina jin sa. Malam ya fito ya same shi, hawaye na bin gemunsa.

"Malam," ya ce, "wa zan yi wa ta'aziyya?"

Malamin ya dafa kafaɗarsa, suka koma ciki.