Tsugunon Alkasum a Taron Malamai

Shekarar da damina ta yi gardama, famfunan Zinder suka ƙafe, a ranar wata Talata Lubabatu ta fara ganin Alkasum. Ita ce mai kula da kicin ɗin ɗalibai a babbar makarantar da mahaifinta, Mushe Kyari, yake darakta. Ta fito neman ruwan girki, sai ga wani dogo yana turo kurar ruwa, gumi sharkaf.

"Mai ruwa, nan za ka kawo!"

"To, ranki ya daɗe."

Ya sauke mata jarkoki tsaf. Sai da ɗalibai suka wuce suna "Ina kwana, Mushe," yadda ake gaida malaman boko da Faransanci, ta gane sabon malamin aikin gona ne, ɗan Zermu. Ta ja mayafi ta rufe fuska, amma masu gani sun ce ido ɗaya a waje yake.

Kafin wata ya mutu, salula ta fara aikinta.

"Luba tawa, miyarki ta yau ta sa na manta darasi. Ki tausaya wa ɗalibai."

"Mai ruwana, ka ci ka yi shiru, kada a ji mu."

An ji su kuwa, har bayan Birni. Alkasum ya turo magabatansa, Mushe Kyari ya ce sai ya yi shawara. Shi Modu yake so, ɗan amininsa mai manyan motoci. Ga kuma rigima a makaranta: darakta ya yanke a rufe, a sallami ɗalibai sai ruwa ya sauka. Alkasum kuwa ya san rumbunan ƙauye wayam suke, mutanensu 'ya'yan anza masu ɗaci, abincin fari, suke jiƙawa suna ci.

"Ki gaya masa," in ji Mushe Kyari ga Lubabatu, ana gobe taron malamai, "in ya ba ni kunya gaban malamaina, kada ya ƙara taka ƙofar gidana."

Ƙanwar Modu ma ta zo har kicin ta rada mata wai kujerar Abbanta Alkasum yake hari, ita tsani ce kawai.

Lubabatu ta rubuta: "Kasum, don Allah ka yi shiru gobe. Abba ba ya magana biyu."

Ya amsa: "Luba, in na yi shiru yaran nan yunwa za su tarar a gida. In na yi magana na rasa ki. Yi min addu'a."

 Kuka ta sha, ta ce albasa ce.

Ranar taro ta ɗauko tiren shayi ta maƙale a bakin ƙofa. Darakta ya gama bayani ya ce ko akwai mai magana. Alkasum ya bar kujerarsa, ya tuɓe takalmi, ya je gaban tebur ya tsuguna, kai a ƙasa, irin tsugunon da ake yi wa suruki a zaure. Malamai masu kwat suka saki baki.

"Tashi, Mushe, nan ba zaure ba ne."

"Ba zan iya tsayawa a kanka ba, Baba. Amma shiru ma ba zan iya ba. Masu lambun Mirriya sun yarda mu ɗebi ruwa a rijiyoyinsu, ɗalibai su taya su aiki. Kada a mayar da yaran nan inda babu tuwo."

"Ruwa kenan. Hatsi fa?"

Daga bakin ƙofa Lubabatu ta ji bakinta ya buɗe. "Abba, geron sito zai kai mu kaka, in an bar ni da shi."

Mushe Kyari ya dube ta, ya dubi wanda ke ƙasa. "Kai, wa ya ba ka 'yar da kake min wannan tsuguno?"

"Ba a ba ni ba tukuna, Baba."

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Da aka zo ɗaga hannu don amincewa da shawarar Alkasum, na tsohon ne ya riga na kowa tashi.

Ba a rufe makaranta ba, ba ɗalibin da ya kwana da yunwa. Modu, don ya burge, ya ba da motarsa ana jigilar ruwa. Allah ya ba shi lada, amma bai ba shi Lubabatu ba.

Da Mushe Kyari ya ajiye aiki, shi da bakinsa ya ce wa malamai su duba Alkasum, suka kuwa zaɓe shi darakta. Bayan kaka aka ɗaura aure, mutanen Zermu da Mirriya suka cika unguwa, ɗalibai suka hana kowa ɗaukar kayan amarya sai su.

Tsohon ya dafa kan 'yarsa. "Mijinki ya kayar da ni, bai zubar min da girma ba. Tafi, uwata, Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai kunya da ƙarfin hali."

Duk gidan aka amsa da amin, guɗa ta tashi.