Ɗigon Jinin da Ya Yi Tafiya

Ranar Laraba ce Zinatu ta miƙa wa Waliyyu yatsanta a wani ɗakin shan magani na Jega, komai ya sauya.

Shi malami ne a jami'ar Aliero, yana gwajin wata na'ura: gilashi mai girman kwalin ashana, da siraran wayoyi a ƙarƙashi. Ya ɗiga jininta, ya haɗa batir. Ɗigon ya kama tafiya, ba wanda ya taɓa shi.

"Mi ka tura shi?" ta tambaya.

"Lantarki. Yana janye ƙwayoyin da zazzaɓi ya kama gefe, masu lafiya su wuce."

Da la'asar saƙonsa ya shigo: "Zinariyata, jininki lafiya lau. Nawa ne ke gudu tun da kika fita."

Ta mayar: "Malamin batir, to ka auna kanka."

Magaji, direban motar albasa da ya daɗe yana sonta, ya baza labari har garinsu Zinatu, Andarai, cewa malamin tsafi yake yi da jinin mutane. Irin wannan labari ba ya jiran mota.

Da maganar aure ta taso, Malam Gado, mahaifinta, ya ce, "Ba ni ba da ɗiyata ga mai sa jini yawo."

Zinatu ta durƙusa. "Baba, bari shi zo da abin. In tsafi na, ni da kaina nika korar shi."

Waliyyu ya zo zaure. Gado ya miƙa nasa yatsan, ya ga ɗigon ya tashi.

"Cire batir," ya ce wa Waliyyu.

Ɗigon ya tsaya cak.

"Aljanin da ka jiran batir bai cika aljani ba," in ji Gado. "Yaushe aka sanin ciwon?"

"In an kammala na'urar, Baba, kafin shayi ya huce."

Gado ya tuna baya. Matarsa Delu, uwar Zinatu, Sakkwato aka kai jininta. Sakamakon ya iso bayan sadakar bakwai.

Bayan cirar albasa aka ɗaura aure. Magaji ma ya ci shinkafa. Gado ya dafa kan ɗiyarsa, ya riƙe hannun angon, ya ce Allah shi yi albarka, shi ba da zuri'a ta gari.

Bai saki hannun da wuri ba. Akwai tambaya a bakinsa, maroƙa suka rufe ta, bai kuma sake ɗauko ta ba: "Ɗana, ina ka tsaya shekarar da Delu ta kwanta?"