Allura Mai Jan Kai

Hansai ƙawata, matso kusa, ki rage rediyon nan.

A unguwar Gassi abin ya faru, gidan Lukumanu, wanda ke aiki a wani atiliye inda ake auna ƙarafan injuna. Na'urarsa allura gare ta mai ɗan jan dutse a kai kamar ƙwayar dawa. Ita ke taɓa ƙarfe a hankali ta faɗi zurfinsa. Ya sha gaya wa matarsa Bahijja cewa gajeriyar allura ta fi gaskiya, doguwa lanƙwasawa take. Amma ranar da aka kawo wani tsohon injin ban ruwa da aka tono a bakin kogin Shari, doguwa ya ɗaura, ya zura ta cikin ramin ƙarfen ko bismilla babu. Duk awon da ya sake, sai ramin ya ƙara zurfi. Ya ce allurar ce ta lalace, ya kawo wa 'yarsu Nuriyya ta yi wasa da ita.

Da magariba Bahijja na kwasar tuwo, tsakuwa ta faɗo kan kwanon rufi. Wata ta biyo. Sai shiru. Ta leƙa ɗaki, ta tarar da Nuriyya ta fuskanci bango tana taɓa shi da allurar, ƙwas, ta matsa, ƙwas. Ta kira sunanta. Muryar da ta amsa ta tsoho ce.

"Awon gidanku nake yi."

Yarinya ta bar ci. Da ta gama bango ta koma ƙofa, da ta gama ƙofa ta fara taɓa fuskarta, kullum tana matsowa kusa da ido.

Aka ɗauko wani malami, Faki Muttaka, daga unguwar Lamaji. Ya daɗe yana karatu kafin muryar ta buɗe baki. Ashe aljani ne, ya ce injin gidansa ne tun da kogi ya binne shi. An shigo masa ba sallama, an tsone idon ɗansa. Ido yake so a madadin ido. Faki ya tuna masa cewa yarinya ba ta yi masa komai ba, kuma Mai hisabi ɗaya ne da mu da su. Za a mayar masa da gidansa, jan dutsen kuma ɗansa ya sa a gurbin idon.

Sai muryar ta ce:

"Na karɓa. Amma na riga na san awon gidan nan."

Nuriyya ta yi atishawa, ta nemi ruwa.

An mayar da injin da allurar cikin Shari. Yanzu Lukumanu ba ya zura allura cikin rami sai ya yi sallama. Abokan aikinsa dariya suke yi. Bahijja kuwa ta hana a ƙara ko bulo ɗaya a gidan, kada mai awo ya dawo dubawa.

Don Allah, Hansai, a kunnenki ya tsaya. Nuriyya ba ta san an yi ba.