Zare Mai Ƙulli Biyu

"Shekara biyu ke nan ina jin 'sai nan gaba', abar ƙaunata," in ji malamin lissafin, yana tsaye a ƙofar baya ta shagon. "An yi mini canjin wurin aiki. Wata ɗaya ya rage."

"Ka rage murya, Baba na ciki."

"Ki bar ni in yi masa magana."

"Ka ce masa me? Ka zo ɗauke masa hannuwa?" Auta ta sunkuyar da kai. "Hannunsa rawa yake yi, Malam. Duk siririyar sarƙar da ta fita daga shagon nan bana, ni na haɗa ta, shi ake yaba wa. In na tafi..."

Ya duba agogo, ya kama hanyar makaranta, inda yake koyar da darasin hutu.

Ranar ce ta ƙarshe a watan Disamba. Ta tarar da mahaifinta, tsohon maƙerin zinariya, ya fito da kayan akwatin gilashi yana gogewa, kamar yadda ya saba duk ƙarshen shekara. Farantin siraran kaya ya kusa zama wayam. Na manyan awarwaro kuwa yana nan cike, yadda aka jera shi tun Janairu.

"Dubi nan," ya ce. "A farkon 1980, lokacin da zinariya ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba, mace takan ɗora awarwaro a tafin hannu, ta ji nauyinsa kafin ta dubi zanensa. Daga baya aka koma wa farar zinariya. Bana kuwa wata ta ce in yi mata sarƙar da ba za a lura ta sa ta ba. Na ce, 'yar nan, ai wannan kina da ita tun a gida."

Auta ta yi murmushin yaƙe, ta ɗauki tsumma.

"Iyayensu sun saya don su bar wa 'ya'ya. Su kuwa suna saya don su sa ranar aiki. Ban ga laifinsu ba." Ya gyara tabarau, ya jawo aljihun tebur, ya fito da wani guntun zare. "Ranar Talata, da kika je sayo gas, wani saurayi ya kawo wannan. Zobe yake so. Bai faɗi sunan mai yatsan ba."

Ta tuna ranar da Malam ya naɗa mata zare a yatsa, wai wasa yake yi.

"Ƙulli biyu ya yi, ɗaya na gindin yatsa, ɗaya na gaɓa. Yaron ya iya awo. Sai na ga gindin siriri, gaɓar kuwa ta yi kauri. Shekara arba'in da shida ina auna yatsu, ban taɓa ganin irin wannan ba sai ga mai riƙe magagari yana goge ƙarfe. Mata nawa ne masu wannan aiki a layin nan?"

"Baba, ni ban ce zan..."

"Ba ki ce ba. Abin da ya dame ni ke nan."

"Wa zai yi maka siraran?"

"Babu. Daga gobe na daina karɓarsu. Gyara zan riƙa yi, da manyan kaya in an samu mai so. Na rubuta, zan manna a ƙofa."

"Masu saye za su ragu!"

"Za su ragu. Ni ma ai na ragu. Ban haife ki don ki zama awartakina ba."

Ya warware wani ƙyalle. Zobe ne mai faɗi, irin na da, wanda babu budurwar da ta nemi irinsa bana.

"Kwana huɗu na yi a kansa, da safe kafin ki iso. Ba ni zan ba ki ba, nasa ne. Gwaji kawai za ki yi."

Ta zura. Ya ɗan tsaya a gaɓa, sannan ya wuce ya zauna daidai. Da ta juya shi sai ta ga wurin haɗin ya ɗan karkace. Hannunta ya nufi magagari tun kafin ta yi tunani.

"Ajiye," in ji tsohon, bai ɗago kai ba. "Wannan aikina ne. Je ki wanke fuskarki, sannan ki gaya wa malamin nan ina nemansa bayan an tashi makaranta. Ta ƙofar gaba."