Kifin Gidan Malam Nomau

Ranar da Sa'adatu ta fara haɗuwa da Rabi'u, ba shi ta kalla ba. Ta dawo daga layin famfo da bidonta, jarkar ruwa, babu ko ɗigo, ta ratsa ta kasuwa, sai idonta ya faɗa kan wani akwatin gilashi cike da ruwa a ƙofar shagon mai madubai. 'Yan kifaye ne a ciki, jajaye, suna yawonsu kamar ba a Damagaram suke ba.

Ta tsaya. Ba ta ji sha'awa ba, ba ta kuma ji haushi ba. Tun da fari ya koro su daga Hamdara suka kama haya a birni, ba ta cika jin komai ba.

"'Yar Damagaram, kallo kyauta ne, amma a yi sallama mana," in ji Rabi'u, mai shagon.

"Bakano ne, ko?" ta ce ba tare da ta juyo ba. "Wa zai shayar da kifi a shekarar nan in ba ku ba?"

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Amma washegari ta sake biyowa ta nan, alhali ba hanyarta ba ce.

Da zance ya yi nisa, Rabi'u ya zo gidansu da toshi. Jama'a, akwatin gilashi ne ɗan ƙarami, da tsakuwa da soso da ɗan inji mai hura iska, an cika shi da ruwa, babu kifi ko ɗaya! Inna Kulu, mahaifiyarta, ta leƙa ta sake leƙawa, ta ce ita dai tunda take ba ta taɓa ganin saurayi ya kawo toshin ruwa ba.

Da la'asar saƙonsa ya shigo wayarta:

"Sa'ata, a bar shi ya zauna tukuna, sabon ruwa ba ya riƙe kifi. Soson daga nawa akwatin na ciro shi, akwai 'yan halittu a ciki da ido ba ya gani, su ke cinye ƙazantar kifi. Kada a wanke shi da sabulu. Tun da na fito nake tunaninki."

Ta rubuta masa: "To."

Bawan Allah, wannan "to" ɗin ya yi ta karantawa yana murmushi har maƙwabcin shagonsa ya tambaye shi ko lafiya.

Malam Nomau, mahaifinta, bai yi murmushi ba. Tun da ya rabu da saniyarsa ta ƙarshe, zaman tabarma yake yi yana fuskantar bango.

"Mutumin da ke kiwon abin da ba a ci, ba a tatsa," ya ce, "yana zuba masa ruwa mutane na kwana a layi? Ba zan ba shi 'yata ba. Ga Mai Nasara nan mai motar ruwa, ya turo har sau biyu."

Sa'adatu ba ta yi kuka ba, ba ta yi musu ba. Ta dai san ba ta son Mai Nasara, kuma ta san ba za ta auri wanda Baba bai sa wa albarka ba.

Da ruwan ya zauna, Rabi'u ya kawo kifaye bakwai. Ya nuna mata yadda za ta riƙa yi: duk mako ta ɗebe kashi ɗaya cikin huɗu ta zuba wa zogalen tsakar gida, ta cike da ruwan da ya kwana a roba buɗe, don warin jabel, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake sa wa ruwan famfo, ya fita. Abinci kuwa, abin da yatsu biyu suka ɗauka.

Haka ta yi. Amma ruwan ya fara yin fari-fari kamar an wanke shinkafa, kifayen suna ta hawa sama suna haki. Da ta gaya wa Rabi'u a waya, ya rubuto:

"Sa'ata, abinci ya yi yawa. Ki rage."

"Yadda ka ce nake ba su."

"Anya kuwa? Ruwa ba ya lalacewa haka kawai."

Ta karanta, ta kife wayar. Wato ƙarya take yi ke nan. Saƙonninsa suka yi ta shigowa ba ta buɗe ba.

Ana cikin haka Mai Nasara ya aiko da bido cike, sabon ɗiba daga famfo. Sa'adatu ba ta nan. Inna Kulu, wadda ba a taɓa samun gansakuka a randarta ba, ta dubi akwatin ta ce wannan ƙazanta ba a gidanta ba. Ta kwashe kifayen a kwano, ta dirje gilashi da tsakuwa da soso da sabulu, ta cika da sabon ruwa, ta ɗiga jabel kamar yadda ma'aikatan lafiya suka koya musu saboda zawo, ta mayar da kifayen. Akwatin ya yi tas, gwanin sha'awa.

Kafin Sa'adatu ta dawo, biyar sun juya ciki sama. Ta tsame su da ludayi, ta mayar da biyun da ke motsi cikin ruwan roba. Ta jira ta ji wani abu a ƙirjinta, shiru.

Malam Nomau ne ya miƙe. Ya ɗauki robar da hannu biyu, ya fita ko hula bai sa ba.

Rabi'u na ganinsa ya durƙusa. "Baba, da kanka? Ai da ka aiko."

"Duba min su, yaro." Ya ajiye robar a hankali. "Yarinyar nan ba ta da laifi. Ni ke ba su dussa in ta fita. Suna zuwa jikin gilashi su buɗe min baki. Shanuna haka suka yi ta dubana, ba ni da abin ba su."

Rabi'u ya leƙa robar, ya ce:

"Baba, kifi ko ya ƙoshi haka yake buɗe baki. Abin da bai ci ba shi ke ruɓewa ya ɓata ruwan."

"Za su rayu?"

"In Allah ya so. Zan ba ka ruwa da soso daga nawa."

"To koya min. Daga farko, kada ka tsallake komai."

Da yamma Sa'adatu ta buɗe wayarta, ta tarar da saƙon Rabi'u:

"Sa'ata, na zarge ki ba da hakki ba. Ki yafe wa Bakanonki."

"Na yafe. Inna ta ce ka zo gobe, ita ma tana da haƙurin bayarwa."

Kifayen biyu suka rayu. Malam Nomau ya zama shi ke kwantar da ruwa, shi ke shinshina shi, kuma kowa ya matso da sabulu zai ji ba daɗi. Wata Juma'a yana cike akwatin ya ce wa Rabi'u, ba tare da ya ɗago ba, "Ka ce wa manyanka su zo."

An ɗaura aure damina ba ta sauka ba, ba kiɗa, ba taro mai yawa. Da aka zo kwasar kayan amarya, mata suka nufi akwatin, sai Malam Nomau ya ɗora hannu a kai.

"Wannan ba ya cikin kayan ɗaki."

"Malam, toshinta ne fa," in ji Inna Kulu.

"Na ba shi 'yar. Ya bar min waɗannan." Ya juyo ga Sa'adatu. "Je ki, uwata. Allah ya yi miki albarka, ya ba ku zaman lafiya, ya shayar da mu baki ɗaya."

Mata suka amsa da amin. Sa'adatu ta durƙusa ta kama ƙafarsa, sai ga kuka ya zo mata, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da suka baro Hamdara. Inna Kulu ta hana a ɗaga ta.

"Ku bar ta," ta ce. "Ango ya jira."