Ranar Da Aka Mayar Da Zuliha Ƙanwar Mijinta

Zuliha na durƙushe gaban kasko tana juya alkaki, hayaƙi na cin idonta, cikin da ya fara tsufa ya hana ta sunkuyawa yadda take so, sai ga mijinta Khalid ya faɗo tsakar gida, waya a hannu, baƙin tabarau a ido, duk da ɗakin da ya baro ko taga ba shi da ita.

"Inno! Inno! Kano ce ta kira!"

Mahaifiyarsa ta fito da carbi a hannu, ta rangaɗa guɗar da ta tashi tantabarun maƙwabta. "Autana! Na faɗa, ai na faɗa!"

Ga wanda bai san gidan ba, abin ya samo asali. Khalid na gama lise, wato sakandare, ya fito a wani fim ɗin Kano a matsayin ƙanen jarumi, ya mutu a cinyar uwarsa ta fim tun labarin bai yi rabi ba. Irin mutuwar da ya yi, an ce matan unguwar Birni, nan Damagaram, sun daɗe ba su ji daɗin tuwo ba, har wata tsohuwa ta taso daga unguwar Zango ta zo yi wa Inno ta'aziyya. Kowa ya ce yaron nan ya gama hayewa. To, ya sake mutuwa a wani fim, aka ba shi gadi a wani, a na ƙarshe kuwa ƙeyarsa kaɗai ta fito, ita ɗin ma Inno ta gane ta, ta tara unguwa kallo. Daga nan Kano ta yi shiru. Rumfar dukancin marigayi ubansa tana nan a hannun baffansa, amma Inno ta hana shi taɓa fata, wai kada hannun bedet, tauraron fim guda, ya yi warin jima. Alkakin Zuliha ke ci da gidan, har da man shafawar da ya mayar da fuskarsa ja ya bar wuya baƙi ƙirin.

"Alhaji Nazir ne, babban furodusa," in ji Khalid. "Yana neman sabuwar fuska daga Damagaram. Ran Asabar zai zo ya ɗauke ni hira a sa a intanet. Sai dai..." Ya saci kallon Zuliha. "Ya ce saurayi yake so. Wai 'yan mata ba sa bin mai aure."

"Ka ce masa me?" Zuliha ta tambaya.

"Na ce... dakor, na yarda."

"To mene ne a ciki?" Inno ta karɓe. "Wuni ɗaya ne. Ki zumbula babban hijabi ya rufe cikin nan, in ce ke 'yata ce. Ai da ma Yaya kike ce masa."

Zuliha ta kwashe alkakin da ke wuta. Ta sauke kaskon, ta bi mijinta ɗaki, ta same shi gaban madubi yana gwada murmushi.

"Yaya Khalid, tun ba ka da ko keke na zaɓe ka, ba don fim ba. Ban taɓa yi maka gori ba, yau ma ba zan fara ba. Inno uwa ce, ta faɗi abin da ta ga dama, ba zan ƙaryata ta gaban baƙi ba. Amma maganar aure a bakin namiji ba wasan kwaikwayo ba ce. Ka buɗe baki gaban shaidu ka ce ba ka da mata, ni zan ɗauka da gaske. Daga nan sai gidan malam in ji matsayina, daga can sai gidanmu Tirmini."

"Haba sheri, masoyiyata, rol ne kawai irin na fim!"

"Shi ma ɗan cikin nan rol ne?"

Ta fita tana share hawaye da bakin zane, don alkaki ba ya jiran mai kuka.

Ran Asabar da hantsi Alhaji Nazir ya iso da mai kamara. Gajere ne, ya sha turaren da ya riga shi shigowa zaure, yana sakace haƙora yana duba abin da ya ciro kafin ya yarfar a tabarmar mutane. Inno ta ari kujerun maƙwabta, ta sauke hoton bikin ɗanta daga bango ta tura ƙarƙashin gado. Zuliha ta ga hannun da ya tura shi, ta kau da kai.

Ta shigo da tire, cikin hijabin da ya isa a yi rumfa da shi. Ta durƙusa da ƙyar.

"Wannan fa, Hajiya?" in ji Nazir.

"'Yata ce, ƙanwar Khalid."

Nazir ya ciji alkaki, ya lashe yatsu ɗaya bayan ɗaya, idonsa na yawo a fuskar Zuliha kamar mai tayin akuya a Kasuwar Dole. "Masha Allah! Ashe gidan nan an ɓoye kaya. Khalid, wannan sista taka akwai wanda ya riga ni? Don ni da gaske nake. Ka ba ni ita, ni kuma in ba ka Kano gaba ɗaya."

Mai kamara ya yi dariya. Khalid ya yi irin murmushin da ya gwada a madubi, sai dai ya fito a karkace. Zuliha ta dubi surukarta, tana jira ta ce wani abu, ko da a'uzubillahi ne.

Inno ta gyara zama, ta yi fari da ido. "Ai Alhaji, komai a hankali ake yi. A fara gama na fim ɗin, sai a zauna a yi magana."

A yi magana! Matar ɗanta, da jikanta a ciki! Zuliha ta ji alkakin da ta soya da hannunta ya zame mata abin ƙyama. Ta ja baya ta tsaya jikin ƙofa, ta ƙudura a ranta cewa kalma ɗaya take jira.

Aka kunna kamara. Nazir ya gyara murya. "Masu kallo, ga tauraron Damagaram! Malam Khalid, tambayar da 'yan mata ke jira ke nan: kana da aure?"

Khalid ya buɗe baki. Inno na girgiza masa kai daga bayan mai kamara, har ɗankwali ya zame. Shi kuwa ya cire tabarau, abin da ko a zaman makoki bai cika yi ba. Ko kishi ne ya motsa, ko tsoron Allah, wannan sai shi, zuciya ba ta da taga.

"Ina da aure," in ji shi. "Ga matata can bakin ƙofa, sunanta Zuliha. Alkakin da kake ci nata ne, da shi take ciyar da ni tun da kuka manta da ni. Kuma ka ɗauke idonka daga kanta kafin in manta a gidanmu kake."

"Kat! Kat!" Nazir ya miƙe. "Ni za a yaudara? Wallahi ka gama fim har abada!"

"Ai na daɗe da gamawa, Alhaji. Ni ne ban samu labari ba."

Nazir ya fice yana zage-zage, bai manta ya juye sauran alkakin a aljihu ba. Inno ta zube ƙasa. "Wayyo ni! Ta shanye min ɗa! Ta kashe masa tauraro!"

"Inno, ki yafe ni," in ji Khalid. "Amma yanzu a gabana kika kusa ba da matata."

Tsohuwar ta dube shi. Sai a lokacin maganar tata ta dawo mata kunne, ta ja mayafi ta rufe fuska. Zuliha ce ta kama hannunta ta tashe ta, ta kai ta ɗaki, sannan ta koma bayan gida ta yi kukan da ta daɗe tana riƙewa.

Da gari ya waye Khalid ya tafi rumfar baffansa. An yi masa dariya har ta ishi kowa, almakashi ya kumbura masa yatsu, takalmansa na farko kuwa duka ƙafar hagu ne. Amma ya zauna. Ran sunan 'yarsu, ragon da aka yanka daga guminsa ya fito, kuma Inno da kanta ta riƙa jan Zuliha gaban baƙi tana cewa, "Ga matar ɗana," da ƙarfin da har na ƙofar gida sai da suka ji.

Ku 'yan mata da samari, ku riƙe wannan: duk ɗaukakar da sai ka musanta naka kafin a ba ka ita, wulaƙanci ce aka fesa wa turare. Mai haƙurin da ta san inda haƙurinta zai tsaya kuwa, Allah ba ya barin ta ta ji kunya.